Me Ake Koya Wa 'Ya'yanmu A Aji Huɗu Zuwa Shida? Hakkin Iyaye Ne Su Sani

A farkon zangon karatu na watan Satumba 2025 ne Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya, ƙarƙashin Minista Dokta Tunji Alausa, ta fito da sabuwar manhajar makarantun firamare da sakandare. An rage yawan darussa, an mai da Tarihin Nijeriya darasi na dole tun daga aji ɗaya na firamare har zuwa aji uku na ƙaramar sakandare, an kuma sa koyon aiki da kwamfuta cikin darussan aji huɗu zuwa shida. Hukumar tsara manhaja ta ƙasa, watau NERDC, ta ce a firamare za a soma aiki da sabon tsarin ne daga aji ɗaya da kuma aji huɗu. Ba a rufa wata uku ba, sai ga Ministan a watan Nuwamba ya ba da sanarwar soke dokar 2022 wadda ta ce a koyar da yara da harshen uwa har ƙarshen firamare, ya ce an koma Turanci tun daga ajin farko.

Waɗannan manyan sauye-sauye ne guda biyu cikin zango ɗaya. Tambayar da muke so mu yi a wannan fili ita ce: uban da ke noma a ƙauyukan Zonkwa, ko uwar da ke sayar da hatsi a kasuwar Billiri ko Numan ko Zuru, wa ya zauna ya gaya musu? Da yawansu ba su san an sauya kome ba sai ranar da yaro ya dawo gida ya ce malam ya ce a sayi sabon littafi. Ra'ayinmu shi ne, yawancin rigingimun da aka yi a ƙasar nan kan abin da ake koya wa yara, rashin sanar da iyaye da wuri ne ya hura wutarsu, kuma maganin wannan bai kai tsadar da ake zato ba.

Abin da ya bambanta waɗannan azuzuwa

Yaron da ke aji huɗu zuwa shida, bisa tsari, yana tsakanin shekara 9 da 12 ne. Amma a ƙauyukanmu inda ake jinkirin sa yara makaranta, ko yaro ya maimaita aji, ba abin mamaki ba ne a tarar da 'yar shekara 13 ko 14 a aji shida. Likitoci sun nuna cewa alamun balaga kan soma bayyana ga yarinya tsakanin shekara 8 da 13, ga yaro namiji kuwa tsakanin 9 da 14. Ke nan a cikin waɗannan azuzuwa uku ne 'yan mata da dama ke fara ganin jinin al'ada, wani lokaci ma a kan bencin aji, ba tare da kowa ya taɓa gaya musu abin da ke tafe ba.

Har wa yau, a nan ne karatu ke tsere wa iyaye. Tsarin ilmi na ƙasa da aka soma fitarwa a 1977 ya daɗe yana cewa a koyar da harshen gida a shekaru uku na farko, sa'an nan Turanci ya karɓa daga aji huɗu. Uwar da ta iya karanta Hausa da kyau, wadda take bin littafin waƙoƙi a sujada ba tare da tuntuɓe ba, takan iya duba aikin ɗanta a aji ɗaya da biyu. Da ya shiga aji huɗu, littattafai suka yi kauri, kalmomin kimiyya suka shigo, sai ta zama baƙuwa ga jakar ɗanta. Abin da ya rage mata shi ne takardar sakamako a ƙarshen zango, wadda ke nuna ya zo na nawa, amma ba ta faɗin abin da aka zuba masa a kai cikin wata uku.

Abin da ya faru a baya

Bari mu waiwaya. A 2001, lokacin da binciken gwamnati ya nuna cutar ƙanjamau ta kai kashi 5.8 cikin ɗari, Majalisar Ilmi ta Ƙasa ta amince da wata manhaja ta koyar da yara sha'anin jiki da jima'i, tun daga manyan azuzuwan firamare har manyan makarantu. Niyyar ceton rai ce, domin a lokacin ana binne samari da 'yan mata a kowane gari. Amma shugabannin addini, Kirista da Musulmi, da iyaye da wasu gwamnatocin jihohi, musamman na Arewa, sun tashi haiƙan. Dole aka koma aka sake zama, aka cire wasu sassa, aka sauya mata suna zuwa Ilmin Zaman Iyali da Cutar Ƙanjamau, aka fitar da ita a 2003, aka kuma ba kowace jiha damar daidaita ta da al'adunta. An raba ta kashi biyar: girman jikin ɗan Adam, dabarun kame kai da yanke shawara, cutar ƙanjamau, dangantaka tsakanin mutane, da kuma al'umma da al'ada. Ba a mai da ita darasi mai zaman kansa ba, an barbaɗa ta ne cikin kimiyya da ilmin zaman jama'a da na kiwon lafiya. Wannan ya sa uba zai iya duba jadawalin darussan ɗansa daga Litinin zuwa Juma'a bai ga sunanta ba, alhali kuwa tana ciki.

Misali na biyu ya shafe mu kai tsaye. A 2012 aka sake fasalin manhajar ilmin bai-ɗaya, aka soma aiki da ita a Satumba 2014. A cikinta an tattara darasin addinin Kirista da na Musulunci da ilmin zaman jama'a da na zama ɗan ƙasa nagari da na tsaro a ƙarƙashin inuwa ɗaya mai suna Addini da Ɗabi'un Ƙasa. Sai a tsakiyar 2017 ƙura ta tashi sosai, labari ya bazu cewa an soke darasin addinin Kirista ɗungum, ƙungiyar CAN ƙarƙashin Rabaran Samson Ayokunle ta kai kuka wurin Mukaddashin Shugaban Ƙasa Farfesa Yemi Osinbajo, kuma a watan Yuli na wannan shekara gwamnati ta ba da umurni a raba darussan addinan biyu, kowanne ya tsaya da kansa. Ku duba lissafin, 'yan'uwa masu karatu: shekara uku manhajar tana cikin aji kafin yawancin iyaye su ji labarinta, kuma da suka ji, gaskiya da ƙari a cakuɗe suka iso musu. Da an yi wa iyaye bayani tun 2014, da an gyara abin da ke bukatar gyara cikin ruwan sanyi, ba sai an kai ga zargin juna tsakanin maƙwabta ba.

A Nuwamba 2022 kuma, Ministan Ilmi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umurci NERDC ta cire ilmin jima'i daga manhaja, yana mai cewa aikin iyaye ne da malaman addini. Ƙungiyoyin kiwon lafiya da na kare hakkin yara suka yi masa ca. A Oktoba 2023 sai maganar littattafai ta taso, Majalisar Wakilai ta tattauna kan wasu littattafan ƙananan yara da aka ce suna ɗauke da abin da bai dace ba, Jihar Kano kuma ta haramta wasu daga cikinsu, har da Queen Primer. Iyaye ne suka sayi waɗannan littattafai da kuɗinsu, suka sa a jakar yara da hannunsu, amma sai a waya suka fara ganin hoton shafin da ake magana a kai.

Ba mu kaɗai ba ne. A ƙasar Gana an yi irin wannan hayaniya a 2019 kan ilmin jima'i a makarantu, har sai da Shugaba Nana Akufo-Addo ya fito da kansa ya tabbatar wa jama'a cewa ba za a koyar da abin da suke tsoro ba. A Ingila kuwa, tun daga Satumba 2020 doka ta wajabta wa makarantu su shawarci iyaye kan tsarinsu na koyar da irin waɗannan darussa, ta kuma ba uba damar janye ɗansa na firamare daga darasin jima'i. Ba muna cewa a kwaso manhajar Ingila ba ne. Abin koyi a nan shi ne ƙa'idar cewa uba ya sani kafin a koyar.

In bango ya tsage

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar da ke tsakanin gida da makaranta, jita-jita ce ke shiga cikinta. A Oktoba 2017 labari ya bazu a jihohin Kudu maso Gabas cewa sojoji na shiga makarantu suna yi wa yara allurar da ke sa ƙyandar biri. Iyaye suka bar kasuwa da ofis suka ruga suna kwashe 'ya'yansu, aka rufe makarantu, labarin ya yaɗu zuwa wasu jihohi, alhali babu gaskiya a cikinsa. Mu a Arewa ba mu manta da 2003 ba, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi saboda zargi, ba a ci gaba a Kano ba sai Yuli 2004, cutar kuwa ta samu sarari ta nakasa yara a nan gida da ƙasashen waje.

Wannan ya shafi azuzuwan da muke magana a kansu, domin a Oktoba 2023 Nijeriya ta soma yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa, aka kai sauran jihohi a Mayu 2024, kuma makarantu na cikin wuraren da aka yi ta. Allura ce mai amfani, tana kare mata daga ɗaya daga cikin cututtukan daji da suka fi kashe mata a ƙasar nan. Amma a gari irin namu, in uwa ta fara jin labarin allura mai sunan mahaifa daga bakin 'yarta bayan an riga an yi, abin da zai fara zo mata a rai shi ne ana so a hana 'yarta haihuwa. Inda aka tara iyaye tun da fari, ma'aikaciyar lafiya ta yi bayani da harshen da suke ji, aka ba su damar tambaya, aikin kan tafi lami lafiya.

Shiru ba ya kare yaro

Akwai 'yan'uwa da ke ganin hanya mafi sauƙi ita ce a hana makaranta taɓa waɗannan batutuwa sam. Mun fahimci damuwarsu, domin babu uban da ke son a buɗe wa ɗansa ido kafin lokaci. Sai dai ya kamata mu dubi alkaluma. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna cewa yarinya ɗaya cikin huɗu, da yaro namiji ɗaya cikin goma, sun fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata kafin su kai shekara 18, kuma galibi wanda yaron ya sani ne ke aikata hakan. Binciken lafiyar al'umma na 2018 ya nuna kashi 19 cikin ɗari na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 sun riga sun haihu ko suna da ciki, adadin kuma ya fi haka a Arewa.

A dā akwai masu wannan aiki a gida. Uwa na jin kunyar 'yar fari, uba ba ya iya buɗe baki, amma akwai kaka da goggo da inna, akwai kawu ga yaro namiji. Yau ƙaura zuwa birni, da neman abinci, da gudun hijira saboda tashin hankali sun warwatsa gidaje da yawa, kaka tana ƙauye jikoki suna Kaduna ko Jos ko Abuja. Wurin da ta bari, wayar yayan yaro ce da abokan unguwa suka cike shi. Saboda haka yaron zai ji, ko mun so ko mun ƙi. Abin da ya rage mana shi ne mu zaɓi wanda zai fara gaya masa, da kuma yadda za a gaya masa. Yarinyar da aka koya wa cewa akwai sassan jikinta da ba wanda ke da ikon taɓawa, kuma in an taɓa ta faɗa wa uwarta ko malamarta ba tare da tsoron duka ba, ta fi wadda aka bari cikin duhu tsira daga mugun maƙwabci.

Abin da doka ta ce

Sashe na 38, ƙaramin sashe na 2, na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi karɓar koyarwar addini ko shiga ibadar da ba ta addininsa ba, ko wadda iyayensa ba su amince da ita ba. Wannan kariya ce ga ɗan Kirista a inda Musulmi suka fi yawa, kamar yadda take kariya ga ɗan Musulmi a makarantar Mishan. Amma uban da bai san abin da ke faruwa a aji ba, yaya zai yi amfani da wannan hakki? Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta wajabta wa uba sa ɗansa a makaranta, har ta tanadi gargaɗi da tara da ɗauri ga wanda ya ƙi. In hukuma ta ɗora wa mutum nauyin miƙa ɗansa, adalci ne ta sa a riƙa gaya masa abin da ake yi da yaron. Akwai ma hanyoyin da aka riga aka kafa, watau ƙungiyar iyaye da malamai ta PTA, da kwamitin al'umma mai kula da makaranta da ake kira SBMC, wanda ya ƙunshi wakilan sarakuna da mata da malaman addini da ɗalibai. Matsalar ita ce a wurare da yawa taron PTA ya zama taron karɓar kuɗi. Ana kiran iyaye in rufin aji ya yaye ko za a tara kuɗin jarrabawa, amma da wuya a kira su don a ce musu ga abin da za a koyar.

Abin da muke ba da shawara

Na farko, kowane malami yana da jadawalin abin da zai koyar mako-mako a zango, domin da shi masu duba makarantu ke auna aikinsa. Hedimasta ya sa a taƙaita na aji huɗu da biyar da shida a takarda guda, da Turanci da Hausa ko harshen garin, a manna a ƙofar ofis, a ba yara su kai gida cikin makon farko. Inda babu kuɗin buga takarda, a rubuta a allo yara su kwafa a bayan littafinsu, uba ya sa hannu ko ya dangwala. Inda iyaye ke da waya, a aika saƙon murya ta WhatsApp, domin wanda bai iya karatu ba ma ya ji.

Na biyu, duk darasin da ya shafi balaga, ko jinin al'ada, ko ƙanjamau, ko kare kai daga masu lalata, ko wani rikici na tarihi da ya taɓa addini ko ƙabila, a sanar da iyaye aƙalla mako biyu kafin ranarsa. A faɗi ranar, da sunan malamin, da littafin, da shafin. Wannan ya ƙara zama wajibi yanzu da Tarihi ya dawo aji, domin a garuruwan da aka zub da jini, ajin da ya haɗa 'ya'yan ɓangarori biyu yana bukatar malami mai hattara da iyaye masu masaniya.

Na uku, a raba maza da mata a darasin balaga, malama ta ɗauki 'yan mata, malami ya ɗauki samari. In makaranta ba ta da malama, a gayyato ma'aikaciyar jinya ko unguwarzoma daga asibitin gari. A bar ƙofa a buɗe ga uwa ko goggo da ke son ta zauna a baya ta saurara.

Na huɗu, kada wata ƙungiya daga waje, ko ta lafiya ce ko ta addini, ta shiga aji da littattafai ko magani ko majigi ba tare da sanin sakataren ilmi na ƙaramar hukuma da kwamitin makaranta da iyaye ba.

Mun san abin da malamai za su ce, kuma suna da gaskiya: aji ɗaya yara tamanin ko ɗari, albashi ba ya zuwa kan kari, ga shi ana ƙara musu aiki. Wasu kuma na tsoron in an buɗe wa iyaye ƙofa, kowa zai zo da nasa son rai har a kasa koyar da kome. Amsarmu ita ce, takarda guda sau uku a shekara ta fi sauƙi a kan ranar da fusatattun iyaye za su cika harabar makaranta saboda labarin da yaro ya kai gida a karkace. Sanarwa kariya ce ga malamin kansa. Kuma sanar da uba bai ba shi ikon hana 'ya'yan wasu karatu ba. Yana da damar tambaya, da damar ganin littafi, da damar kai ƙorafi ga hedimasta ko kwamiti, kuma a abin da ya shafi addini yana da damar da Tsarin Mulki ya ba shi a kan ɗansa. Ba shi da damar zagin malami a gaban yara.

Namu nauyin

Ya ku iyaye, ba duka laifin ke wuyan makaranta ba. Akwai uban da ya san farashin buhun taki a kasuwa uku amma bai san sunan malamin ajin 'yarsa ba. A riƙa buɗe jakar yaro ko sau ɗaya a mako. Wanda bai iya Turanci ba ya sa yaron ya fassara masa abin da aka koya, domin yaron da ya iya mai da darasi cikin harshen gida, shi ne ya gane shi da gaske. In kun ji abin da ya tayar muku da hankali, ku je wurin malami tukuna kafin ku tura wa jama'a a waya.

Ekklisiya ma tana da abin yi, tun da Minista ya taɓa cewa aikin na iyaye ne da malaman addini, kuma a garuruwa da yawa babu wurin da ke tara iyaye kowane mako kamar majami'a. A cikinmu akwai malaman makaranta da ma'aikatan jinya. A ba su minti goma lokacin sanarwa a farkon kowane zango su faɗi abin da 'yan aji huɗu zuwa shida za su tarar. Zumuntar Mata ta keɓe zama ɗaya don koya wa iyaye mata yadda za su yi wa 'ya'yansu maganar al'ada kafin ta zo. Makarantun da Ekklisiya ke riƙe da su kuwa, su ya kamata su fara nuna misali, kuma su sanar da iyaye Musulmi da suka ba su amanar 'ya'yansu daidai yadda muke so a sanar da mu a wasu wurare.

Manhaja za ta sake sauyawa, kamar yadda ta sauya a 2003 da 2014 da 2017 da 2025, ministoci kuma za su zo su wuce. Abin da ke hannunmu shi ne a taron PTA mai zuwa, kafin a kai ga maganar kuɗi, wani ya miƙe cikin ladabi ya roƙi hedimasta ya karanta wa iyaye abin da za a koya wa yara a wannan zango. Allah ya ba malamanmu haƙuri, ya ba iyaye hikima, ya kuma kiyaye mana 'ya'yanmu. Amin.